Shekarar da Na Kasa Zama

A Bande aka fara ba ni aji. Ina da shekara ashirin da biyu, da rigar kaki biyu, da wani keke da na saya hannun ma'aikacin duwan, wato kwastan, da aka canza wa wurin aiki. Shekarar ita ce wadda ta biyo bayan babban fari, lokacin da ruwa ya dawo amma mutane ba su gama dawowa ba. Yara arba'in da 'yan kai ne a ajina, cikin rumfar zana, domin ɗakunan ƙasa biyu da lakwal ɗin, wato makarantar bokon, ke da su manyan aji ne suka samu. Duk garin Mushe ake ce mini, lakabin Faransanci da ake kiran malamin boko da shi, har tsofaffin da suka girmi mahaifina.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ni da yayana, wanda ya ba ni shekara tara. Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Mallawa, gida ne na noma da kiwo, gero da wake a gona, shanu a bayan danga. Da aka zo rubuta yaran lakwal ni aka bayar, shi aka bar wa sanda. Baba ya rasu ina kolej a Damagaram, sai garken ya koma hannun Yaya gaba ɗaya. Ya san kowace saniya da uwarta da kakarta. Idan ya yi wata 'yar ƙara da harshe, daga nesa za ka ga kawuna sun ɗago.

A ƙarshen babban hutu na shekarar farin, kwana biyu kafin in koma makarantar horon malamai, muka zauna da shi a gindin aduwar ƙofar gida. Geron ya ƙone tun bai fid da kai ba. Shanun dai suna da sauran tsoka. Ya ce mini yana so ya kora rabinsu Dungas ya sayar, ya sayi hatsi, sauran kuma ya lallaɓa su da ganye da ƙaiƙayi har Allah ya kawo sauƙi. Ni kuwa a motar da ta kawo ni na zauna kusa da wani ma'aikacin dabbobi, na ji yana cewa can kudu, bayan Kano, ciyawa har gwiwa. Sai na ɗauki maganar kamar ni na gano ta. Na ce masa kada ya sayar, dillalai za su cuce shi, ya kora su kudu gaba ɗaya, da damina ya dawo da abinsa cif. Na yi ta zuba, ina cusa Faransanci inda Hausa ta ishe ni.

Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke, sannan ya ce, "Kai ka yi karatu. Ka tabbata?"

Na ce, "Na tabbata, Yaya."

Ya tafi da shanu ashirin da uku. Ya bar matarsa da 'yarsa mai shan nono a wurin Inna. Damina ta zo ta wuce, waɗanda suka tafi tare da shi wasu suka dawo, suka ce sun rabu da shi tun a hanya. Ba wasiƙa, ba saƙon baki. Lokacin da na shiga ajina na Bande, shekara guda ke nan cur.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai lura ba na zama a kujerar da aka ajiye mini gaban tablo, babban allon aji. Daga safe har a tashi ina zirga-zirga tsakanin tabarmin yara, in je ƙarshen rumfa, in dawo, in leƙa waje, in dawo. Alli yana jiƙewa a hannuna. Ƙirjina kamar an ɗaure shi da igiyar guga an ja, numfashi yana tsayawa a rabi, sai na buɗe baki kamar mai hamma kafin ya wuce. Matar mai gidan da nake haya takan aiko mini da tuwo, in yi loma uku a zaune, sauran in ci a tsaye, ko in rufe kwanon in fita ba tare da na san inda za ni ba. A salla nakan manta raka'ar da nake. Liman yana cikin karatu, ni kuwa ina can wani daji da ban taɓa gani ba, ina bin sawun kofato.

Alhamis da Lahadi ba lakwal. Kowace Alhamis da kowace Lahadi, ana idar da asuba nake hawa keke in nufi Magariya. Inda yashi ya yi yawa in sauka in tura. In fara da tasha, in tsaya bakin kowace mota da ta fito daga Najeriya ina kallon masu sauka ɗaya bayan ɗaya. Daga nan in wuce kara, wajen masu shanu. Jawabina ɗaya ne, har na haddace shi: dogo ne, baƙi, yana da tabon ƙaho a gefen goshi na hagu, yana ɗan jan ƙafar dama. Wasu su ce Allah ya bayyana shi. Wasu su ce ai masu tabon ƙaho a goshi sun fi a ƙirga. Da tafiya ta yi tafiya, da an hango ni sai a fara girgiza kai tun ban buɗe baki ba.

Akwai wani tsohon dillali da yake zama kan buzu a gindin gawo, haƙoransa jajur da goro. Shi kaɗai bai gaji da ni ba. Kullum sai ya matsa mini wuri.

"Zauna, Mushe, ka sha ruwa."

"Ina sauri ne, Baba."

"Saurin zuwa ina? Motar Babura ta riga ta zo, ta gaba sai azahar."

Nakan durƙusa in sha ruwan, in miƙe. Ya bi ni da ido. Wata rana ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin bayanka ya taɓa ƙasa ba." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ina hawa keke sai na ji idona ya cika.

Na je gidan likita sau ɗaya. Likitan ya ɗora mini abin sauraro a ƙirji da baya, ya duba idona, ya danna cikina. Ya ce zuciyata lafiya lau, huhuna lafiya lau, tunani ne ya yi mini yawa. Ya ba ni 'yan ƙwayoyi na ciwon kai. Na fito ina jin haushinsa, don na so a ce akwai wani ciwo mai suna da za a yi wa allura. Na je wajen wani malami kuma, ya yi mini rubutu na sha kwana bakwai. Ba zan ce bai yi komai ba, don duk ranar da na sha nakan samu sauƙi har zuwa la'asar. Amma da yamma ta yi sai igiyar ta sake matsewa.

Abin da ya tona ni ya faru ne wata Talata da hantsi. Ina yi wa yara shifta, ina karanta jimla suna rubutawa, sai na ji kukan shanu ta bayan rumfa, garke yana wucewa. A ciki akwai wata ƙara da makiyayin ya yi da harshe. Ban san lokacin da na ajiye littafin ba. Na fita, na zagaya, na bi su da sauri, har da gudu. Na cim musu a wajen gari, kusa da korama. Wani Bafulatani ne gajere, fari, da ɗansa. Ya gaishe ni cikin mamaki. Maimakon in juya, sai na ci gaba da bin su, ina tafe a gefen garken, ina kallon ƙahoni, har gonakin rake suka ɓace a bayana. Sai da ƙaya ta soke ni ta cikin takalmi na tsaya, na tuna ina da aji.

Da na dawo rana ta yi sama. Yaran suna nan zaune yadda na bar su, kowa da alƙalami a hannu, suna jiran jimla ta gaba. A kujerata kuwa Direkta ne zaune, shugaban lakwal ɗin. Mutum ne mai kusan shekara hamsin, gajere, mai furfura a gemu, ya koyar a garuruwa da yawa kafin a kawo shi Bande. Ba ya ɗaga murya, shi ya sa kowa ke tsoronsa. Ya miƙe, ya miƙo mini littafin a buɗe a shafin da na tsaya, ya ce, "Ƙarasa musu, Mushe. Bayan la'asar ka same ni a lambu."

Na ƙarasa shiftar. Na tabbata takarda zai rubuta a kaina zuwa ga manyanmu a Magariya.

Lambun lakwal ɗin yana gangaren korama, da 'yar rijiya wadda ruwanta bai fi gaba biyu ba. Na tarar da shi ya tuɓe riga yana cire ciyawa cikin albasa. Bai tayar da maganar safe ba. Ya nuna mini guga da tulu ya ce, "Fangali goma sha biyu ne. Kowanne tulu huɗu. Daga yau kai ne mai ban ruwa."

Na ce, "Direkta, ai aikin 'yan babban aji ne."

Ya ce, "Na sallame su. Ƙafarka tana neman tafiya, to ga tafiya. Daga rijiya zuwa albasa, daga albasa zuwa rijiya."

Na ɗauka horo ne, na karɓa da fushi. Ranar farko na yi ta zuba ruwan da gaggawa har ina tone shukar. Ya ce in sake, a hankali, da tafin hannu a bakin tulu. Kafin in gama magariba ta kusa, kafaɗuna suna zafi, kuma a karon farko cikin watanni na ci tuwona har ƙarshe, ko da yake a tsaye. Haka muka yi kwana goma sha wani abu, shi yana cire ciyawa, ni ina jan guga, ba mai ce wa wani komai sai gaisuwa. Na lura idan ina jan igiya numfashina yana bin hannuna, in ja in shaƙa, in saki in fitar, ba ya tsayawa a rabi. Da na ajiye gugan sai ya koma halinsa. Amma ko wannan ɗan lokacin ma wani abu ne.

Wata yamma ina zuba tulu na ƙarshe, ba tare da na shirya ba, sai na ji bakina yana cewa, "Ni na ce masa ya tafi."

Direkta bai ɗago ba. Ya ce, "Wa?"

Na gaya masa duka, tun daga gindin aduwa. Ina magana ina zagaya fangalin. Na zata zai ce mini ƙaddara ce, ba laifina ba ne, irin abin da ake faɗa. Bai ce ba. Ya karkaɗe ƙasar hannunsa, ya tambaye ni, "Innarka ta san wannan?"

"A'a."

"Matarsa fa?"

"Ba wanda ya sani."

"To, shekara guda da wata biyu kai kaɗai kake ɗauke da shi, kana kuma mamakin ƙirjinka ya matse." Ya sake tuge wata ciyawa ya yar. "Shekarar da ɗana na fari ya rasu muna wani gari a arewa. Kullum sai na taka har maƙabarta na dawo, sau biyu, sau uku. Matata tana ɗaki tana kuka, ni ina hanya. Ban zauna kusa da ita ba sai da wata shida ya wuce, kuma har gobe ina nadamar watannin nan. Ban ce ka daina nemansa ba. Amma ka yanka wa neman rana. Alhamis ɗaya a wata. Sauran ka rubuta takardu ka ba direbobi su kai wa sarakunan tasha. Kuma hutun nan da ke zuwa ka je gida ka faɗa."

Alhamis ɗin farko da ban je Magariya ba ta fi kowace wuya. Na wanke riguna biyu da ba su yi datti ba. Na share ɗaki, na share tsakar gida har matar mai gidan ta fito ta karɓe tsintsiyarta. Na kwance sarƙar keke na goge na mayar. A raina ina ta ganin motar Babura ta tsaya, Yaya ya sauko, ya duba ko'ina bai ga kowa ba, ya koma ciki. Da azahar na kai har bakin gari da keken, na tsaya, na daɗe, sannan na juya zuwa lambu na ba albasa ruwan da ba ta buƙata.

Da hutun Disamba ya zo na hau motar 'yan kasuwa zuwa Dungas, daga nan na samu ta Mallawa, sauran na taka. Na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta rame, amma hannunta bai rage sauri ba. Na kwana biyu ina kewaya maganar. A rana ta uku da hantsi na durƙusa gabanta, na ɗebi gyaɗa ina ɓara don hannuna ya samu abin yi, na faɗa mata.

Ba ta daina ɓara ba. Ta ce, "Ina bayan danga ranar, ina tankaɗe. Duk na ji ku."

Na ajiye gyaɗar da ke hannuna.

Ta ce, "Ni sayarwar na so. Har na ajiye rariya zan fito in ce a sayar, sai na ce a raina maza suna magana, kuma ɗayan ya yi karatu. Na koma na ɗauki rariyata. Kullum sai na tambayi kaina me ya hana ni fitowa." Ta ture kwandon gabana. "Ɓara. Kai ma ka rame."

Matar Yaya tana bakin madafa, ta ji komai. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, ita da muke tsokanar juna tun ranar da aka kawo ta. Takan ajiye mini fura ta juya. 'Yarta, wadda yanzu take gudu a tsakar gida, ita ce take zuwa ta hau cinyata, kuma saboda ita nakan zauna, don ba ka miƙewa da yarinya tana barci a jikinka. Ranar da zan koma, na ɗaura jakata, sai matar Yaya ta biyo ni har ƙofar gida.

Ta ce, "Mushe, a tasha kake nemansa?"

Na ce, "Da tasha da kara."

Ta ce, "Kana tambayar mai shanu ne. In nasa sun ƙare fa? Yayanka ba zai iya nisa da saniya ba, ko ta wani ce. Ka tambayi masu kora wa mutane."

Na kai wa tsohon dillalin Magariya wannan magana a Alhamis ɗina ta watan. Ya tauna goronsa, ya ce matar nan tana da hankali, zai sa a duba. Wata biyu suka wuce. Ina aji, ina lambu, ina ƙirga Alhamis. Na fara iya zama a kujera in gyara kaye, littafin rubutu, na yara biyar ko shida kafin in miƙe. Wasu ranakun kuma kamar ba a taɓa samun sauƙi ba. Sai ga shi wata Litinin, zafi ya fara, wani direba ya tsaya bakin lakwal ya aiko a kira ni. Dillali ya ce a gaya mini akwai wani dogo mai jan ƙafa da ke kora wa wani Alhaji shanu a kasuwar Maigatari, in je in duba, amma kada in sa rai da yawa.

Direkta ya ba ni Laraba, ya ce shi zai riƙe ajin. Na bi 'yan kasuwa muka kwana Dungas, da safe muka tsallaka iyaka. Ban taɓa ganin shanu masu yawa haka ba tun kafin fari. Na shiga cikinsu ina kutsawa, ƙaho nan, ƙaho can, ana yi mini tsawa. Ban gan shi da ido ba da farko. Ƙarar harshen na ji, daga hagu, na juya.

Yana tsaye bayan wasu bijimai farare, da sanda a kafaɗa, da wata hula da ba irin tasa ba. Wuyansa ya yi tsawo. Ya gan ni. Ya dubi hagu da dama kamar mai neman hanyar fita, sannan ya sauke sandan.

"Mushe," ya ce. Bai taɓa kirana haka ba.

"Yaya."

Muka gaisa kamar waɗanda suka rabu jiya, ina kwana, ina gajiya, ina mutanen gida. Da na ce Inna lafiya lau, 'yarsa tana gudu har tana cewa a ba ta fura, sai ya juya baya ya gyara igiyar wani bijimi da ba ta kwance ba. Ya roƙi abokin aikinsa ya duba masa shanun, muka koma inuwar wata mota. Na tsuguna. Shi bai zauna ba. Yana magana yana tafiya taku uku ya dawo, taku uku ya dawo, yana leƙen bijiman. Sai na ga yadda nake a idon mutane.

Ya ce ciyawar tana nan kamar yadda na faɗa, har ta wuce gwiwa. Amma shanunmu ba su san ƙudan can ba. Ciwon sammore ya shiga cikinsu, suna ci suna ramewa. Bakwai sun faɗi tun a hanya, sauran ɗaya bayan ɗaya a cikin ciyawar. Biyun ƙarshe ya sayar wa mahauta suna kwance. Ya yi dako, ya yi ga-ruwa, sannan ya samu wannan Alhajin. Wata biyar ke nan yana zuwa Maigatari duk mako, tafiyar da ba ta kai ta kwana biyu zuwa gida ba. Kowane mako sai ya ce mako mai zuwa.

"Da wace fuska?" ya ce. "Shanun Baba ne. In shiga gari da sanda kawai?"

Na ce, "Ni na ce ka tafi, Yaya. Ka tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Ban san komai ba. A mota na ji."

Ya tsaya. Ya dube ni sosai a karon farko.

"Na sani," ya ce. "Na yi fushi da kai. Wata uku ina yi maka faɗa a daji, ni kaɗai, da ƙarfi, har Fulani suna zaton na taɓu. Babu zagin da ban yi maka ba." Ya ɗan murmusa, ba na daɗi ba. "Daga baya na gaji. Na haɗu da wani mutumin wajenmu da ya sayar da nasa a Dungas, ya ce hatsin bai kai shi bazara ba, sauran shanun kuma suka mutu a gida. Na haɗu da wani kuma da ya sayar ya tsira da biyar. To wanne zan kama? Kai ka faɗa, ni na kora. Ban sani ba, ƙanena. Har yanzu ban sani ba."

Na roƙe shi ya biyo ni. Na ce Inna ba shanu take tambaya ba. Ya ce ya ɗauki amanar mutum, sai ya kai bijiman nan Kano, kuma yana so ya tara abin da zai shiga gida da shi, ko buhun iri ne. Na ce iri yana nan. Ya ce a'a. Muka yi ta ja har aka kira azahar. A ƙarshe ya ce, "Ka gaya wa Inna, da ruwan farko." Ya sayi alewa a hannun wata yarinya ya ƙulle a tsumma ya ce in kai wa 'yarsa. Muka yi salla tare a bakin kasuwa, ya koma cikin shanu.

Na zata daga ranar zan warke. Ban warke ba. Na aika wa Inna saƙo da alewar, na koma Bande, sai wani sabon tunani ya maye gurbin tsohon: in bai zo ba fa? In ganina ya sa ya ƙara nisa? Na koma leƙen gabas ina duba hadari tun watan bai kama ba. Na gaya wa Direkta, wannan karon ban jira kwana goma ba. Ya ce, "To, yanzu ka san abin idan ya zo. Ka ce ga shi nan ya zo, ka ɗauki guga." Albasa ta riga ta ƙare, muka shuka kuɓewa.

Ruwan farko ya sauka, bai zo ba. Na biyu ma haka. Ina cikin jarrabawar ƙarshen shekara, ina zagaya rumfa kamar da, sai aka kawo mini wata 'yar takarda da wani ɗan lakwal na ƙauyenmu ya rubuta da bakin Inna. Layi uku ce. Yayanka ya iso ranar Juma'a. Ya zo da buhun gero da akuya ɗaya. Ka taho da gishiri.

Na yi daminar nan a gida. Yaya bai cika magana ba, kuma wata guda bai bi ta bayan danga inda turakun shanu suke ba, sai ya zagaya ta gaba. Mukan fita gona tun da sassafe, shi a kunya ɗaya, ni a ta kusa, hannuna duk ya yi kanta ya fashe. Idan rana ta take matarsa ta kawo fura, mu zauna gindin aduwar gona. Wani lokaci shi ne yake fara miƙewa, wani lokaci ni, sai ɗayan ya ce, "Ba a gama ba," a koma a zauna. Matarsa ta dawo da tsokanata, ta ce noman ɗan lakwal ciyawa yake bari ya cire gero.

Kafin kaka wani kawunmu na wajen Dungas, wanda ya tsira da 'yan shanu, ya aiko wa Yaya karsana ɗaya ya riƙa kiwo, in ta haihu ɗan nasa ne. Ja ce, mai farin goshi, ga tsoro. Ranar da aka kawo ta Yaya ya ce shi ba ya so, a mayar. Inna ta ce a ɗaure ta tukuna, mai kawowar ya ci abinci. Washegari da zan tafi tasha, don an sake buɗe lakwal, na tarar da shi a bayan danga ya tsuguna yana cire mata kaska a kunne, yana yi mata faɗa ƙasa-ƙasa a kan ta cika motsi. Na yi masa sallama, ya ɗaga mini hannu ɗaya bai juyo ba.